Asalin Ƙaramar Hukuma a Ƙasar Kazaure

Idan ka tashi daga Kano ka bi hanyar Daura, ka wuce Ɗambatta, ba za ka daɗe ba sai ka fara hango duwatsu. To, ka shigo ƙasar Kazaure ke nan. Yau ƙasar nan ƙananan hukumomi huɗu ce, Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ga kuma maƙwabciyarsu Babura daga gabas, kowace da sakatariyarta da ciyaman da kansiloli. Yaron da aka haifa bayan 1996 zai zaci haka aka tarar da ƙasar tun fil azal. Abin kuwa yana da asali, kuma asalin nasa ya girmi sakatariya nesa ba kusa ba.

A zamanin jihadi akwai wani Bafulatani jarumi a wajen Ɗambatta, ana ce masa Ɗantunku. Shi ne ya tare hanya, ya hana sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Daura haɗa ƙarfi wuri guda, saboda haka ya sami tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Muddin Sarkin Kano Sulaimanu yana raye an zauna lafiya, kowa bai taka kowa ba. Da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819 ya nemi Ɗantunku ya yi masa mubaya'a, sai Ɗantunku ya ƙi, don a ganinsa mai tuta ba ya bin mai tuta. Aka yi ta gwabzawa wajen shekara biyar. Ɗantunku ya bar Ɗambatta ya kafu a cikin duwatsun Kazaure, inda doki ba ya sukuwa yadda ya ga dama. A ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya ce Kazaure ƙasa ce mai cin gashin kanta, Sakkwato kaɗai za ta bi. Ƙasar kuwa an yanko ta ne daga gefen Kano da Katsina da Daura. Dambo ɗan Ɗantunku, wanda ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, shi ya faɗaɗa ta.

Babura ba ta cikin wannan rabo. Ita ta zauna a ƙasar Kano, kuma wannan ne ya sa har gobe hanyarta ta sarauta dabam take da ta Roni da Gwiwa, ko da yake kasuwa ɗaya ake ci, kuma ana auratayya.

A wancan zamani talaka bai san wata hukuma ba sai mai unguwarsa. Mai unguwa na ƙarƙashin dagaci, dagaci na ƙarƙashin hakimi, hakimi na ƙarƙashin sarki. Kamar yadda ake yi a sauran ƙasashen Hausa, manyan masu sarauta sun fi zama kusa da fada, sai su tura jakadu ƙauyuka su karɓo kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da jangalin shanu. Baƙo ya zo yana son gona, mai gari ne zai nuna masa daji ya sara. Shanu sun yi ɓarna, a ƙofar gidan mai gari za a ƙiyasta. Abin da ya fi ƙarfinsa ya tafi gun alƙali.

Turawa suka ci Kano a 1903, Kazaure ta shiga Lardin Kano. Su kuwa ba su da yawa, ba su da kuɗin da za su ɗauki ma'aikata su cika ƙasa, sai suka ce sarki ya ci gaba da mulki, su su tsaya a bayansa. Amma sun sauya abu biyu, kuma daga waɗannan biyun ƙaramar hukuma ta tsiro. Na farko, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna a cikin gundumarsa, a daina mulki ta bakin jakada. Na biyu, aka buɗe baitulmali. Harajin da aka tara ba ya shiga taskar sarki kuma, sai a kai wa ma'aji ya rubuta, gwamnati ta ɗauki kasonta, sauran ya zauna a ƙasar. Daga ciki ake biyan sarki da hakimai da alƙalai albashi, daga ciki ake gina makarantar elementare da ɗakin shan magani, a haƙa rijiya, a gyara hanya. Wannan tsari shi ne En'e. Tana da kotunanta, da gidan yarinta, da 'yan dokarta, da malamin gona da malamin daji da duba-gari mai leƙa randunan mata. Baturen mulki, Di'o, yana zagayowa rangadi yana duba littattafai, babbansa Razdan yana Kano.

Mai son ya gane En'e, ya dubi yadda ake karɓar haraji. Kafin kaka malamin haraji zai sauka gidan dagaci da littafinsa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Masu unguwanni su zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya lissafa magidantansa da samarin da suka isa biya. Mai unguwa ya san wanda ya mutu bana, ya san wanda ya tafi cirani, ya san wanda ɗansa ya fara gemu ana ɓoye shi. Da an cire gyaɗa an kai kan sikeli, sai a fara bi gida gida. Wanda ya biya a yanka masa rasit, ya ninke shi ya cusa cikin hula ko cikin laya, domin ran kasuwa ɗan doka na iya tare shi ya ce ya nuna. Wanda bai biya ba, akuyarsa ko tukunyar ƙarfen matarsa ta biya masa, wani ma a shanya shi a rana a ƙofar gidan hakimi. Fulani kuwa da sun ji ƙishin-ƙishin masu ƙirgar jangali sai a kora rabin garke cikin duwatsu tun da asuba.

Zalunci kam an yi shi, kada wani tsoho mai begen jiya ya ruɗe ka. An ci kuɗin haraji an sake karɓa, an sa mutane aikin tilas, an ɗaure wanda ya yi magana. Shi ya sa da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, En'e ce abokiyar gabarta ta farko. A shekarar nan kuma Abubakar Tafawa Balewa, wanda ba ɗan NEPU ba ne, ya tashi a majalisar Kaduna ya ce lalle a gyara En'e. Sai dai akwai abu guda da ba a cika faɗa ba. Kuɗin En'e daga aljihun mutanen ƙasar yake fitowa. In gyaɗa ta ƙi a Roni, ma'aji a Kazaure zai ji a jikinsa. Hukumar da ke ci daga gonarka dole ta san halin da gonar ke ciki, ko da ba don Allah ba.

Soja ne suka fara fige En'e. A 1967 Janar Gowon ya yanka jihohi 12, Kazaure ta faɗa Jihar Kano ƙarƙashin Audu Bako. A zamanin nan aka karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya. Sannan a 1976, lokacin Janar Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa, aka yi gyaran da ya haifi ƙaramar hukuma da sunanta. Aka ce tsari ɗaya za a bi daga Legas har Barno, ƙananan hukumomi 301, kowace da majalisarta, kuma za a riƙa ba ta kaso daga asusun tarayya. Jihar Kano ta sami 20, ƙasar Kazaure gaba ɗayanta ta zama ɗaya daga ciki. Baitulmali da ma'aikata da motoci suka koma hannun sabuwar hukuma. Sarki da hakimansa aka ce su zama iyayen ƙasa, su ba da shawara.

Bayan shekara uku sai Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a 1979 a jam'iyyar PRP, ya soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci su yi. Amma daga ran nan igiyar da ta ɗaure hukuma da gonar talaka ta tsinke. Abin da ƙaramar hukuma ke tarawa da kanta, kuɗin rumfar kasuwa da na tasha da na kara da mahauta, bai taka kara ya karya ba in an gwada da albashin malaman firamare kaɗai. Sauran duk daga sama yake sauka wata wata. Wanda ke ba ka abinci kuwa shi kake kallo.

Tunda kaso daga sama yake zuwa, kowane gari mai hakimi sai ya ga ai gara a yanka masa tasa. Aka yi ta kai takardun koke. Janar Babangida ya ƙara yawan ƙananan hukumomi a 1989 da 1991 har suka kai 589, Janar Abacha ya cike su 774 a 1996. Cikin wannan yanke-yanke ne Kazaure guda ta zama huɗu, Babura ma ta sami tata. Ran 27 ga Agusta 1991 aka cire Jigawa daga Kano, hedikwata a Dutse. Kazaure da ma masarauta ce, sai ta shigo da sarkinta. Babura kuwa da aka raba ta da Kano sai aka haɗa ta da Ringim da Taura da Garki aka yi sabuwar masarautar Ringim. Ko a Majalisar Wakilai haka abin yake, Babura da Garki kujera ɗaya, huɗun Kazaure kujera ɗaya. Mutumin Gwiwa da ke da buƙata a Dutse kuwa, sai ya ratsa Jihar Kano kafin ya isa babban birnin jiharsa.

Yanka ƙasar ya kawo amfani, ba a musu. Garin da a da ba a san shi da komai ba sai ran kasuwa ya sami sakatariya da asibiti da ofishin 'yan sanda, 'ya'yansa suka sami aikin albashi, mai shayi da mai tuwo suka sami ciniki. Abin da ba a iya yankawa aka kai sakatariya ba shi ne sanin mutane. Dubi yarinyar Amaryawa ta ƙasar Roni da ta sami gurbi a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, aka ce ta kawo takardar shaidar 'yar ƙaramar hukuma. Sakatariyar Roni ce za ta buga hatimi, amma ma'aikacin da ke kan tebur bai san ta ba, bai san ubanta ba. Sai uban ya fara da mai unguwa, mai unguwa ya tura shi gun dagaci, dagaci ya sa hannu a kai wa hakimi. Tsanin da malamin haraji ya bi a zamanin Di'o shi ake hawa har yau, ko a rigakafin shan inna, ko a rabon taki, ko ranar da manomi da makiyayi suka yi cirko-cirko a kan burtali. Masarauta ta san mutane ba ta riƙe kuɗi, sakatariya ta riƙe takarda ba ta san mutane ba.

Kuɗin ma ba lalle ne sakatariya ta riƙe ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwa da tasha da maƙabarta da kwata da magudanun ruwa, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya, amma sashe na 162 ya ce kasonta ya fara sauka a asusun haɗin gwiwa da jiha. A jihohi da yawa gwamnoni suka mayar da asusun nan linzami, wani lokaci ma ba a yin zaɓe, sai a naɗa kantoma ko kwamitin riƙo. Shi ya sa in famfon tuƙa-tuƙa ya lalace a ƙauye, tafiyar takan zama iri ɗaya. Dattawa su je gun kansila, kansila ya ce zai shigar da maganar, ciyaman ya ce a yi haƙuri har kuɗin wata ya shigo. Mata da yara su koma tsohuwar rijiya da guga. In an gaji da jira, ran Juma'a bayan an sallame liman ya yi sanarwa, ƙungiyar ci gaban gari ta yi karo-karo, a buga wa 'yan garin da ke Kano da Abuja waya, a kira makaniki ya canja roba da sanda. Aikin gayyar da ya girmi En'e shi ke ba da ruwa.

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa na riƙo ba. Ba wannan ne karo na farko ba, a zamanin Babangida ma an taɓa tura kuɗin kai tsaye, daga baya aka koma gidan jiya. In hukuncin ya zauna da gindinsa, ciyaman ɗin Gwiwa ko na Babura ba zai ƙara cewa kuɗi ya maƙale a Dutse ba. Amma kuɗin dai daga Abuja zai fito, kuma hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, ita ce za ta ci gaba da shirya zaɓen ciyaman da kansiloli.