Rayuwar da Ba a Yi Ba: Nazari kan Finafinan Duniyoyi Barkatai

A shekarar 1957, Hugh Everett, ɗalibin kimiyyar fiziya a Jami'ar Princeton ta Amurka, ya kawo ra'ayin cewa idan wani abu a matakin ƙwayar zarra yana iya ƙarewa ta hanya biyu, to duka biyun suna faruwa, kowace a nata reshen duniyar. Masana ba su kula shi sosai ba a lokacin. Marubutan labari kuwa ba su tsaya jiran masana ba. A 1961 kamfanin DC ya haɗa jarumin zane Flash da tsohon Flash na shekarun 1940 a labarin "Flash of Two Worlds", aka ce kowane yana da tasa duniyar. A 1962 Philip K. Dick ya wallafa The Man in the High Castle, inda Jamus da Japan suka ci Yaƙin Duniya na Biyu suka raba Amurka.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ba ilimin fiziya ke cika ɗakin sinima ba. Abin da ke jan mai kallo shi ne nadama. Duk wanda ya manyanta yana da rayuwar da ya bari a hanya: auren da aka fasa, karatun da ya tsaya, garin da bai je ba. Da-na-sani ƙeya ce, mutum ba ya ganin tasa, sai labarin duniyoyi barkatai ya juyo masa da ita gaba.

Fim ɗin Everything Everywhere All at Once na 2022 ya fi kowane fim fahimtar haka. Evelyn, wadda Michelle Yeoh ta fito a matsayinta, 'yar China ce da ta bi miji zuwa Amurka. Shagon wanki take riƙe da shi, hukumar haraji tana binciken takardunta, tsakaninta da 'yarta ya yi tsami. Sai aka nuna mata wata duniya inda ta ƙi bin mijin, ta zama tauraruwar finafinan kung fu. Nauyin labarin yana nan: a can ta samu suna, amma 'yar da take fama da ita ba a haife ta ba. Kowace ƙofa da aka buɗe mata tana da farashi, kuma mai kallo yana jin farashin a jikinsa. Fim ɗin ya samu kyautar Oscar 7 a 2023.

Akwai kuma alheri na biyu da bai kamata a raina ba. Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018 ya ɗora rigar jarumin a kan Miles Morales, yaro baƙar fata daga Brooklyn, ba tare da an kori Peter Parker, ainihin Spider-Man, ba. Yara da yawa sun ga fuskarsu a wurin da a da ba ta shiga.

Sai dai kamfanoni sun gano wata riba daban. Idan duniyoyi ba su da iyaka, babu jarumin da ya mutu har abada, kuma kowane tsohon ɗan wasa yana iya dawowa. Spider-Man: No Way Home na 2021 ya tara Tobey Maguire da Andrew Garfield da Tom Holland, waɗanda duk suka fito a matsayin Spider-Man, ya samu kusan dala biliyan 1.9. A nan na fi damuwa, domin dabarar da aka gina don nuna cewa zaɓi yana da tsada ta koma hanyar soke asara. Iron Man ya mutu a Avengers: Endgame a 2019, masu kallo suka yi kuka da gaske. A watan Yulin 2024 kamfanin Marvel ya sanar cewa Robert Downey Jr., wanda ya fito a matsayin Iron Man, zai dawo a rigar Doctor Doom.