Gasar CQ World Wide DX

CQ World Wide DX gasa ce ta masu sha'awar sadarwar rediyo, wadda mujallar CQ ta Amurka ta soma shiryawa a 1948. Awa 48 ake yi ana fafatawa: ta murya a ƙarshen Oktoba, ta saƙon Morse a ƙarshen Nuwamba.

Da yawa daga gida suke shiga, da lasisinsu da na'urarsu da eriya a tsakar gida. Kowa yana ƙoƙarin tuntuɓar tashoshi masu yawa, su gaya wa juna ƙarfin sigina da lambar shiyya. An raba duniya shiyya 40. Najeriya da Nijar da Ghana suna ta 35. Tuntuɓar wata nahiya maki 3 ce, kuma da yake tashoshin Afirka ta Yamma kaɗan ne, rububinsu ake yi.