Daga Fensir Zuwa Kwamfuta: Tarihin JAMB da Takardar Kemistiri

A wannan makon za mu waiwayi tarihin jarrabawar da mafi yawanmu muka zauna, wadda ƙannenmu ke shirin zama, wato JAMB. Za mu fi mayar da hankali kan takardar kemistiri, domin duk mai neman likitanci, harhaɗa magunguna ko injiniyanci sai ya bi ta kanta.

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke tantance ɗalibanta da kanta. Lokacin da jami'o'in ba su wuce shida ba, wato Ibadan, Nsukka, Ife, Legas, Benin da Ahmadu Bello ta Zariya, abin bai yi tsanani ba. Da aka ƙara wasu bakwai a 1975, ciki har da na Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos, sai matsala ta fito fili: ɗalibi ɗaya ya samu gurbi a wuri biyu ko uku, wani kuma ya rasa gaba ɗaya. Wannan ne ya sa gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa hukumar JAMB a 1978, domin a riƙa shiga ta ƙofa ɗaya. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi, sannan a 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da tasu ta zama guda, ita ce UTME.

Yayyenmu da fensir suka rubuta, suna cike gurbi a takardar amsa, suna gogewa idan sun yi kuskure. A 2013, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, aka fara shigo da kwamfuta, zuwa 2015 aka daina amfani da takarda baki ɗaya. Farfesa Ishaq Oloyede ya karɓi hukumar a 2016, kuma tun daga 2017 tsarin ya tsaya a kan tambaya 180 cikin awa biyu: 60 na Ingilishi, 40 a kowane darasi daga cikin ukun da suka rage, maki 400 jimilla.

Mu raba minti 120 gida 180. Kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. A nan ne tarihin ya shafi mai kemistiri kai tsaye. Ganga ta sauya, dole rawa ta sauya, amma har yanzu da yawa daga ƙannenmu suna karatu kamar za a ba su yini guda. Suna hadda shafi bayan shafi, ba su taɓa gwada kansu da agogo ba, wasu ma ranar jarrabawar ce ranar farko da suka taɓa kwamfuta.

Ita kanta kemistiri tana da darasi a tarihinta game da hadda. A 1869 wani malami ɗan Rasha, Dimitiri Mendeleyef, ya jera sinadarai wajen sittin da aka sani a lokacin bisa nauyinsu da halayensu, ya ga halayen suna maimaita kansu. Ya bar gurabe babu komai, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, har ya faɗi yadda za su kasance. A 1875 aka gano galiyam, a 1886 aka gano jameniyam, suka zo kusan yadda ya faɗa. Mutumin da ya gane tsari ya iya bayanin abin da bai taɓa gani ba. Haka ɗalibin da ya san sinadarai ashirin na farko da gidajensu a jadawali: idan ya san halin sodiyam, ba sai ya haddace na fotasiyam daban ba, gidansu ɗaya.

Lissafin ma haka yake. Akwai 'yan alƙaluman da suke yawan dawowa: mol ɗaya na kowace iska yana cin lita 22.4 a daidaitaccen zafi da matsi, faraday ɗaya kuma kulom 96,500 ne. A ce an ƙona giram 10 na CaCO3, ana neman yawan CO2 da zai fita. Nauyin mol ɗaya giram 100 ne, giram 10 kuwa mol 0.1, amsa lita 2.24. Wanda ya saba zai gama kafin daƙiƙa 40 ta cika. Wanda bai saba ba zai ci minti uku a wurin, ya cinye rabon tambaya huɗu.

Saboda haka shawararmu ga ƙannenmu: ku nemi tambayoyin shekarun baya, ku ɗauki 40 na kemistiri, ku ajiye agogo a kan minti 25. Tambayar da ta cije ku wuce ta, ku dawo daga baya. Ku zauna jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, ko ku je shagon kwamfuta ku saba da maɓallan A, B, C da D, da N na zuwa gaba da P na komawa baya. Mu kuma da muka riga muka wuce, kowa ya ɗauki yaro ɗaya a unguwarsu ya riƙe masa agogo ranar Asabar. Allah Ya ba su sa'a.