Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Jirgin Rimot

A shekarar 1937, wasu tagwaye 'yan garin Kalamazoo na jihar Michigan a Amurka, Walter da Bill Good, suka haɗa ƙaramin jirgin sama da ake sarrafawa daga ƙasa. Walter ne maƙerin jirgin, Bill kuma gwanin rediyo. Jirgin nasu mai suna Guff, wanda faɗin fukafukansa ya kai kimanin ƙafa 8, ya lashe gasar ƙasa a 1938, 1939, 1940 da 1947. Yanzu haka yana hannun gidan tarihi na Smithsonian.

Guff ya yi dace, tarihinsa a rubuce yake. Dubban 'yan'uwansa kuwa ana tsintarsu ne a ɗakunan ajiya ko kasuwar gwanjo, babu kwali, babu suna. Dalili shi ne, a da ba a sayar da jirgin a haɗe. Mutum zai sayi katakon balsa da takardar zane, ya yanka, ya manna, ya yi fentin da ransa ke so. Saboda haka masu neman asalin irin wannan jirgi tarihin sana'ar suke bi, domin kowane zamani ya bar alamarsa.

Alama ta farko tana cikin jirgin. Jiragen shekarun 1950 galibi jela kaɗai suke iya motsawa. Matuƙi zai danna maɓalli ɗaya, wata 'yar na'ura da murɗaɗɗiyar roba ke juyawa ta karkatar da jelar dama ko hagu. Wanda ya leƙa ya ga ƙugiyar robar nan, ya san da tsohon hannu yake magana. A farkon shekarun 1960 aka samo rimot mai sanda, wanda jirgi ke bin motsin yatsa daidai gwargwado, kamfanoni irin su Kraft da Orbit suka yi suna da shi, daga baya Futaba ta Japan ta mamaye kasuwa. Doguwar eriya tana nuna zamanin mita 27, 35 ko 72 MHz. Gajeriya kuwa ta 2.4 GHz ce, wadda Spektrum ta kawo wa jirage a 2005.

Inji ma yana da bakin magana. Na shekarun 1930, kamar Brown Junior, da fetur da fulogi da batir yake aiki, tamkar na babur. Wajen 1947 Ray Arden ya fito da fulogi mai zaren ƙarfe da ke ci gaba da yin ja da zafin injin, aka huta da ɗaukar batir zuwa sama. Idan injin O.S. FS-60 ne, to bai girmi 1976 ba.

Sai rigar jirgin. Da siliki ko takarda mai laushi ake lulluɓe shi, a shafe da wani fenti mai sa ta ɗaure. A 1966 kamfanin Top Flite ya fito da MonoKote, leda mai sheƙi da ake mannawa da dutsen guga.

Sai dai waɗannan duka ana iya sauya su. Jirgin 1960 yana iya ɗauke da sabon inji da sabuwar leda. Abin da ba ya canzawa shi ne ƙira: tsawon fiffike, siffar jela, da inda fiffiken ya zauna, sama ko ƙasa. Nan ne sanin fitattun ƙira ke amfani. Ed Kazmirski ya ci gasar duniya ta farko a Suwizalan a 1960 da jirginsa Orion, sannan ya ƙera Taurus. Falcon 56 na Carl Goldberg ya ɗauki sunansa daga faɗin fukafukansa, inci 56. Phil Kraft ya zana Ugly Stik, mai jiki kamar akwati, wanda aka yi ta kwaikwayo a ƙasashe da dama. A Ingila kuwa, da Super 60 na kamfanin Keil Kraft matuƙa da yawa suka koyi tuƙi.

Duk wanda irin wannan jirgi ya faɗo hannunsa, kada ya yi gaggawar yage rigarsa ko zubar da tsohuwar na'urarsa. Ya auna fiffike, ya ɗauki hoto ta sama da ta gefe, ya duba rubutun jikin inji, sannan ya gwada da zane-zanen tsofaffin mujallu irin su Aeromodeller da RCM, waɗanda da yawansu suna intanet a yau.