Tarihin Aikatan Gudu da Tsira a Ingilishi da Matsalar Fassara Su Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wasu kalmomin aikatau na Ingilishi waɗanda masu fassara suka saba mayarwa da 'gudu' kawai. Za a nuna cewa kowace daga cikinsu tana ɗauke da hukunci a kan mai gudun, kuma wannan hukunci daga tarihinta ya taso.

2.0 Asalin Kalmomin

Mafi daɗewa a cikinsu ita ce 'flee', wadda ta samo asali daga 'fleon' ta tsohon Ingilishi. Tana nuna barin wurin haɗari cikin gaggawa, amma ba ta faɗin ko mai gudun ya sha. Ita kuwa 'escape' ta shigo ne daga Faransancin Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Tushenta a Latin yana nufin suɓucewa daga cikin alkyabba, wato a bar wa mai kamu riga a hannu. Saboda haka ma'anarta ta rataya ne a kan sakamako: mutum yana iya gudu a cim masa, amma wanda aka ce ya yi 'escape' ya kuɓuta.

Sauran ukun harshen hukuma ne ya raine su. 'Abscond' ta fito daga 'abscondere' ta Latin, ma'ana ɓoyewa, ta kuma shiga Ingilishi a ƙarni na 16. Ana faɗinta ga wanda ya sulale don kauce wa shari'a ko bashi. 'Desert' ta kafu a harshen soja, ga wanda ya yasar da aikin da ya yi rantsuwa a kansa. 'Elope' kuwa da farko ta shafi matar aure da ta bi kwarto, daga baya ta koma kan masoyan da suka gudu don ɗaura aure a ɓoye. Kuskure ne a fassara ta da 'yaji', domin mai yaji gidan iyayenta take nufa.

3.0 Kalmomin a Arewacin Nijeriya

Muhimmancin wannan bambanci ya fito fili a rubuce-rubucen farkon mulkin mallaka. Bayan faɗuwar Sakkwato a ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas tare da ɗimbin jama'a, har aka kashe shi a Burmi a ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Rahotannin Turawa sun siffanta tafiyar da gudun wanda aka ci da yaƙi. Su kuwa mabiyansa hijira suka ɗauke ta, irin wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi daga Ɗegel a 1804. Mai fassarar da ya rubuta 'ya gudu' ba tare da bayani ba, ya ari bakin Bature ke nan bai sani ba.

Haka lamarin yake game da bayi. Dokar Lugga ta 1901 ta soke matsayin bauta a kotunan Turawa, amma ba ta haramta mallakar bayi ba, sai a 1936 aka yi hakan. A tsakanin nan dubban bayi sun bar iyayengijinsu, jami'an mulki kuma suka riƙa amfani da 'desert' a kansu. Zaɓen wannan kalma ya mayar da bawa tamkar sojan da ya ci amana, alhali da an ce 'escape', da an yarda cewa a tsare yake tun farko.

4.0 Kammalawa

Hausa ba ta rasa abin da za ta tari waɗannan kalmomi da shi ba. Akwai 'tsere' ga wanda ya fi mai bin sa sauri, da 'kuɓuta' ga wanda ya fita daga riƙo, da 'tsira' ga wanda ya sha daga halaka, da 'sulale' ga mai tafiya a asirce. Wajibi ne ga mai fassara takardun tarihi ya fara tantance wanda ya rubuta kalmar da ɓangaren da yake kārewa, kafin ya zaɓi takwararta a Hausa.