Tarihin Rufe Iyakokin Jihohi a Shekarar Korona, 2020

Yawancinmu da ke zaune a Kudu gida biyu ne da mu: inda muke neman abinci da inda iyayenmu suke. Titi ne ya haɗa su. A 2020 an datse wannan titi na tsawon watanni, don haka muka ga ya dace mu rubuta yadda abin ya gudana tun ba a fara mantawa ba.

An tabbatar da cutar korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Kafin Gwamnatin Tarayya ta ce uffan kan zirga-zirgar cikin gida, wasu gwamnoni sun riga sun ja ƙofofinsu. Gwamna Nyesom Wike ya rufe iyakokin Ribas a ƙarshen Maris, jihohi da dama suka bi sahu. Ranar 29 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja na kwana 14, daga baya aka ƙara wasu 14.

Dokar da aka dogara da ita tsohuwa ce, wato Dokar Killacewa ta 1926. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta bayan annoba ta ɓarke a Legas a 1924, kuma lokacin ba a manta da murar 1918 ba, wadda ta shigo ta jirgin ruwa ta bi layin dogo har Arewa. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa ya zauna inda ya ga dama, sai dai sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda kare lafiyar jama'a.

Ranar 22 ga Afrilu gwamnoni suka amince da hana shige da fice tsakanin jihohi. Ranar 27 ga watan Shugaban Ƙasa ya mayar da hanin na ƙasa baki ɗaya, tare da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, sannan ya kulle Kano na mako biyu saboda yawan mace-macen da ake samu a birnin. An yarda motocin abinci da magani da man fetur su wuce, fasinja kuwa babu hali.

A nan ne matsalarmu ta fara. Tirelar tumatir da albasa da shanu za ta taso daga Kano ko Sakkwato ko Yobe ta sauke a Mile 12 ko Bodija, amma mai kayan da yaransa sai a ce fasinjoji ne. Ga kuma 'yan ci-rani. Tun ranar 1 ga Fabrairu Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanninta, kulle ya zo ya tsayar da dako da wankin takalmi da ga-ruwa. Watan Mayu da Yuni lokacin komawa gida ne a yi shuka, kuma manomin da ruwan farko ya wuce shi ya san abin da ke jiransa da kaka. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, aka yi Sallah ranar 24 ga Mayu, dubban magidanta suka yi ta nesa da iyalansu.

Da yunwa ta matsa, wasu suka riƙa ɓuya a bayan tirela tsakanin buhuna ko dabbobi, wasu suka bi daji da babur. A wasu shingaye kuɗi ne ke buɗe hanya, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Duk lokacin da aka kama matasa a cikin tirela sai hoton ya karaɗe intanet, aka fara yi wa Bahaushe kallon mai ɗauke da cuta ko mai wata mugun nufi. Gwamnatin Anambra har ƙofar ƙarfe ta kafa a bakin gadar Neja da ke Anacha. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a mako biyun farko na kulle.

A Arewa ma iyakokin sun yi aikinsu. Gwamnoni suka riƙa kwashe almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali a daidai lokacin da aka hana kowa tafiya. Gwamna Nasir El-Rufa'i ya bayyana cewa 65 daga cikin yaran da aka mayar Kaduna daga Kano gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar. Jihohin da suka karɓi yaran sai da suka killace su na kwana 14 kafin a miƙa su ga iyayensu.

An ɗage hanin daga ranar 1 ga Yuli, 2020, bisa sharaɗin sa takunkumi da rage yawan fasinja. Jiragen sama na cikin gida suka dawo ranar 8 ga watan a Legas da Abuja, Kano ta biyo baya ranar 11.

Killacewa lokacin annoba tana da tushe a likitanci, kuma Musulunci ya riga ya hana shiga garin da annoba ta ɓarke ko fita daga cikinsa. Abin da aka gaza tanada shi ne yadda mai ci daga hannu zuwa baka zai rayu a inda aka tsare shi. Wanda ya samu sauƙi a lokacin shi ne mai katin shaida, wanda sarkin Hausawan unguwarsu ko shugaban kasuwa ya san shi har zai iya tsaya masa.

Dokar 1926 tana nan daram, kowace gwamnati na iya sake ɗauko ta. Saboda haka muna kira ga kowane ɗan uwa ya yi katin ɗan ƙasa, ya sa sunansa a rajistar unguwa ko ta kasuwarsa, ya kuma riƙa jefa ɗan abin da ya samu a asusun taimakon juna. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kare mu daga annoba.