Zare: Tedin da ya fi mota tsada, da mutumin da aka goge daga labarinsa

1/ A ƙauyukan Ingila da Amurka akwai ƙananan masaukan baƙi irin na dā: 'yan ɗakuna, murhun jin ɗumi, karin kumallo, a gefe kuma shago maƙil da tedi. Manya ne fa ke zuwa su kwana, su saya su adana. Me zai sa dattijo ya zuba dukiya kan 'yar tsana? Ku biyo ni.

2/ Nuwamban 1902, shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je farautar beyar a jihar Misisipi. Jagoransa a dajin shi ne Holt Collier, baƙar fata da aka haifa cikin bauta, maharbin da ake cewa ya kashe beyar sama da 3,000.

3/ Collier da karnukansa suka rutsa wata beyar, ya buge ta da bindiga a ka, ya ɗaure ta a jikin bishiya, aka kira shugaba ya zo ya harba. Roosevelt ya ƙi, a ganinsa harbin ɗaurarriyar dabba ba farauta ba ce.

4/ Ga inda ake yanke labarin: beyar ba ta tsira ba. Ta riga ta jigata, Roosevelt ya ce a ƙarasa ta, aka kashe ta da wuƙa.

5/ Ranar 16 ga Nuwamba, Clifford Berryman ya zana abin a jaridar Washington Post. Da ya ci gaba da zanawa, sai beyar ta riƙa ƙanƙancewa har ta koma jaririya mai ban tausayi. Morris Michtom da matarsa Rose, masu shagon alewa a Brooklyn, suka ɗinka irinta suka sa mata laƙabin shugaban, wato Teddy. Abin dariya, shi kansa ba ya son a kira shi da sunan.

6/ A daidai lokacin, can Jamus a garin Giengen, akwai Margarete Steiff, tela ce da shan inna ta zaunar a keken guragu tun tana ƙarama. Ta kafa kamfaninta a 1880. Ɗan ɗan'uwanta Richard ya ƙera beyar mai motsa hannu da ƙafa, suka kai ta baje kolin Leipzig a 1903, wani ɗan kasuwar Amurka ya yi odar 3,000.

7/ A 1904 Steiff suka fara maƙala maɓallin ƙarfe a kunnen kowace, don maganin masu jabu. Har yau wanda ya san kan harkar, kunnen yake fara dubawa kafin a yi maganar kuɗi.

8/ Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, sun yi baƙaƙen tedi na makoki don kasuwar Ingila. 'Yan ɗaruruwa ne kawai, shi ya sa yanzu ake rububinsu.

9/ A 1985 aka buɗe shagon Teddy Bears of Witney kusa da Oxford, na tsofaffi da sababbin tedi zalla. A 1994 kuma aka yi gwanjon wata Steiff mai suna Teddy Girl a Christie's ta Landan kan fam 110,000. Wallahi ba ƙari.

10/ Kun ga ashe mai saye labari yake biya wa kuɗi: wa ya ƙera, wace shekara, hannun wa ta bi. In takarda da maɓalli suka ɓata, farashi ya faɗi warwas.

11/ To tunda labarin ne haja, a sayar da shi cikakke mana. Sunan Roosevelt ya shiga ɗakin yara a duk duniya, shi kuwa Collier da ya yi aikin ya rasu a 1936, sai a 2004 aka sa wa wani gandun daji a Misisipi sunansa. Kafin yau, cikinku wa ya taɓa jin sunan nan?